Kama da Wane Ba Ta Wane: Tantance Tsohuwar Uwar Allo Kafin Saye

A shekarun 1980 da na 1990 an yi aiki mai yawa a kan harsunan ƙasarmu wanda har yau bai ga ɗab'i ba. Malaman yaƙi da jahilci da na makarantun gwaji, da ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, sun bi ƙauyuka sun tattaro kalmomi da tatsuniyoyi da hirarrakin tsofaffi. Waɗanda suka samu damar taɓa kwamfuta a cikinsu sun zuba abin da suka samo a cikin disket, suna ganin sun kai shi tudun mun tsira. Sai dai takarda, ko ta yi ja ko gara ta ci gefenta, ido yana iya karanta ta. Disket kuwa ba ya buɗe baki sai ga na'urar zamaninsa, kuma an daina ƙera irin na'urorin nan tun da daɗewa. Saboda haka ɗalibin kimiyyar harshe da ke son ganin abin da magabatansa suka ajiye yakan wayi gari ya zama mai cinikin tsofaffin ƙarafa, ko yana so ko ba ya so.

Binciken da nake yi na digiri na biyu ya shafi kalmomin noma da haƙar rijiya a Aderanci. A cikin neman bayanai ne wani dattijo, tsohon malamin yaƙi da jahilci a yankin Tawa, ya danƙa mini kwali guda mai ɗauke da manyan disket na inci 5.25 guda 28, da na'urar karanta su, da faifan ajiya da aka ciro daga kwamfutar da ya yi aiki da ita. Abin da ke ciki kalmomi ne da ya ɗauko daga bakin mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, masu cewa hwari da tahiya da munka zo ba tare da sun sassauta harshe don baƙo ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: "Ɗana, idona ya soma gajiya. In za ka buɗe su, ka buɗe tun ina iya duba maka abin da na rubuta."

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana in sayi ƴar na'urar nan da ake cusawa a ƙofar USB in huta. Amsa ita ce ƙananan disket na inci 3.5 kaɗai take karɓa. Na'urar babban disket tana haɗuwa da kwamfuta ne ta wata faffaɗar waya mai layi 34, wadda ba ta da gurbi a kwamfutocin yau. Akwai ƙananan na'urori irin su Greaseweazle da KryoFlux masu kwafo maganaɗisun disket kai tsaye, kuma aikinsu yana da kyau, amma ba su da abin da za su yi wa faifan ajiyar Malam. Shi na irin IDE ne mai allurai 40, daga zamanin da sai an gaya wa kwamfuta adadin silinda da kawuna da sassan faifai da hannu kafin ta gane shi, kuma mahaɗan USB na yau sukan yi biris da irinsa. Dalili na uku shi ne wanda ya fi kusa da sana'armu. Jerin haruffan da DOS ke aiki da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowanensu lambarsa, ya fito a 1991, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya iso teburin malamin ƙauye. Don haka kowa ya yi dabararsa: aka ɗauki guraben wasu alamomin da ba a bukata aka ɗora musu baƙaƙe masu ƙugiya da wasula masu alamar karin sauti, aka ajiye siffofinsu a wani ɗan fayil da kwamfuta ke ɗaukowa in an kunna ta. Fayil ɗin Malam yana cikin wancan faifai. Idan babu shi, sai ka ga wata alamar zane a tsakiyar kalma, ka koma kana cankar ko kafa ce ko ƙafa, ko daidai ne ko ɗaiɗai, balle a zo ga karin sauti. Ina son in ga rubutun yadda mai shi ya gan shi, kuma hanyar da ta haɗa bukatun nan uku ita ce in tayar da tsohuwar kwamfuta.

Masu gyara a Yamai da Maraɗi suna kiran babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta kart-mer, ƴan'uwansu na Kano kuma suna cewa madabod. Faransanci da Ingilishi sun haɗu a kan kalmar uwa, Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan hikima, tun da muna da uwar garke da uwar kuɗi da uwar jiki, inda uwa ke nufin tushen da sauran ke rataye da shi. Zan kira ta uwar allo. A kanta ake dasa furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafi, da sandunan memori, da katin hoto da na sauti, kuma ita ce ke yanke hukuncin irin na'urorin da kwamfuta za ta iya hulɗa da su.

Kafin in soma duba hajar kowa, sai da na rubuta wa kaina abin da nake nema. Allon da ya tsufa ƙwarai zai karanta disket amma fitar da bayanan daga cikinsa zuwa kwamfutar yau zai zama wani sabon aiki. Wanda ya cika sabunta kuma ya manta da babban disket. Abin da ya dace da ni tafinta ne, allon ƙarshen shekarun 1990 mai jin harshen zamani biyu: yana da gurbin wayar disket da na IDE, ƙaramin tsarin da ke tayar da shi, wato BIOS, ya san disket na 360K da na 1.2M, sannan yana da ƙofar USB kuma yana karɓar akwatin wuta irin na ATX wanda har yanzu ake samu a kasuwa. Allunan da aka gina a kan cifset ɗin Intel mai suna 440BX, wanda ya fito a 1998, sun cika waɗannan sharuɗɗa, kuma an san su da natsuwa. Na zagaya Katako sau biyu, abin da na tarar duk na zamanin Pentium 4 ne zuwa sama. Sai na koma shafukan intanet inda mutanen Turai ke sayar da kayan hannu.

Sayen tsohon kaya daga nesa cinikin biri a sama ne. Ba ka taɓa shi, ba ka juya shi, kuma idan ya iso Nijar ya zama ba shi ba ne, kuɗin mayar da shi ya fi kuɗinsa. Abin da ke hannunka biyu ne: taken da mai sayarwa ya rubuta, da hotunan da ya ɗauka. A nan ne darasin ajin nazarin harshe da al'umma ya yi mini rana. Tun binciken da William Labov ya wallafa a 1966 a kan Ingilishin birnin Niyok aka gane cewa abin da mutum ke faɗa game da furucinsa daban, abin da ke fita daga bakinsa daban, ba don yana ƙarya ba, sai don yana ba da labarin abin da yake zaton yana yi. Mu ma mun sha ganin mai ba da bayani ya rantse ba ya cewa sunka, jimla biyu a gaba sai ga ta ta fito. Taken mai sayarwa irin wannan shaida ce. Sau da yawa allon ya fito ne daga kwamfutar da ya tsinta a ɗakin ajiya, sunan da ya tuna shi ya rubuta. Hoton kuwa shi ne faifan da aka naɗa, kuma shi ya kamata a zauna a saurara.

Allon farko da ya ja hankalina an rubuta masa Pentium II. Da na faɗaɗa hoton sai na ga farin mazauni mai kusurwa huɗu da ɗan maɗauri a gefensa, an zana Socket 7 a jikin robarsa. Wannan mazaunin Pentium na farko ne da ire-irensa na kamfanonin AMD da Cyrix. Pentium II, wanda ya fito a 1997, a cikin dogon baƙin kwanso yake zuwa, ana soke shi a tsaye a wani dogon gurbi da ake kira Slot 1, kamar yadda ake soke kati. Kallo ɗaya ya isa ya raba su. Siffar allon ma ta ƙara magana. A bakinsa na baya ƙofa ɗaya ce tak, babba mai da'ira, ta madannai mai allurai 5, mashigar wutarsa kuma layi ɗaya ce mai allurai 12. Waɗannan alamomin tsarin AT ne, wanda ya samo asali daga kwamfutar IBM ta 1984, inda wayoyin wuta biyu ke shiga gefe da gefe, baƙaƙen zarurrukansu a tsakiya, wanda ya juya su kuma ya ƙona allo. Tsarin ATX da Intel ta fitar a 1995 yana da mashiga ɗaya mai allurai 20 a layi biyu wadda ba ta shiga a juye, ƙofofinsa kuma a jere suke a manne da allon. Wancan allo zai iya karanta disket, amma zai sa ni neman akwatin wutar AT da wayoyin ƙofofinsa waɗanda galibi sun ɓace, kowanne da kuɗin jigilarsa. Na wuce shi.

Na biyu ya fi wuyar kamawa. Slot 1 ne da gaske, an rubuta BX a takensa, ga shi da araha. Cifset manyan ƙwayoyi ne, galibi biyu, masu tsara zirga-zirga tsakanin furosesa da memori da sauran sassa, kuma ta sama takan kasance a ƙarƙashin ƙarfen sanyaya. A kan ƙarfen wannan allo an rubuta BXcel. Duk wanda ya koyi Faransanci da Ingilishi ya san kalmomin nan masu kama da juna a ido amma ma'anarsu ta sha bamban. A ƙarshen shekarun 1990 wasu masu ƙera alluna masu araha sun riƙa ɗaukar ƙwayoyin wasu kamfanoni suna manna musu sunaye irin su TXPro da BXcel, masu amon 430TX da 440BX na Intel, alhali ba su ba ne. Kafin nan, a zamanin 486, har an sayar da allunan da aka lika musu ƙwayoyin roba marasa komai a ciki a matsayin memorin gaggawa. Mai sayarwar ya karanta BX ya rubuta BX, ban ga laifinsa ba. Wataƙila ma allon yana aiki. Amma ni ina neman wanda zan samu cikakken littafinsa da tarihin halayensa, domin abin da zan ɗora masa ba shi da kwafi na biyu a duniya.

Na uku ba shi da take na a zo a gani. Wani mutum a Faransa ya rubuta cewa tsohon allo ne, bai gwada ba, bai kuma san irinsa ba. Hotuna uku ya sa, hasken kyamara ya wanke tsakiyar na farko. Na bi shi daki-daki kamar yadda ake bin rubutun da ba a san marubucinsa ba. Mashigar wuta mai allurai 20 ta ce ATX ne. Dogon gurbin furosesa ya ce Slot 1. Daga nan na ƙirga guraben katuna, waɗanda launi da tsawo ke bambanta su: na ISA baƙaƙe ne dogaye, gadon kwamfutocin IBM na farkon shekarun 1980, na PCI, waɗanda suka bazu daga 1993, farare ne gajeru, na AGP, na katin hoto, wanda ya zo a 1997, ɗaya ne tak mai ruwan ƙasa, yana ɗan ja da baya daga layin sauran. Na samu AGP 1, PCI 4, ISA 3. Guraben memori uku ne dogaye masu maɗauri a kowane gefe, irin na DIMM mai haƙora 168, ba gajerun SIMM masu haƙora 30 ko 72 na zamanin 386 da 486 da farkon Pentium ba. A gefen dama na ga gurabe biyu masu allurai 40 da ɗaya gajere mai 34, wato ga IDE ga disket. Ƙwayar cifset ta sama a rufe take, amma ta ƙasa tsirara ce, kuma na iya karanta intel da 82371EB a kanta. Wannan ƙwaya ita ce abokiyar tafiyar 440BX, ko da yake an haɗa ta da wasu ƴan'uwansa, don haka ta taƙaita mini zato ba ta rufe shi ba.

Masu ƙera alluna na kirki sukan buga sunan allo da farin rubutu a jikinsa, galibi tsakanin guraben PCI ko a bakin gefe. Na Gigabyte sukan fara da GA, na MSI da MS da lamba huɗu. A wannan allo na hango P2B, sai hasken kyamara ya cinye abin da ke biye. P2B sunan wani sanannen allon ASUS ne, amma suna ne na gida guda mai ƴaƴa da yawa: akwai P2B zalla, da P2B-F, da P2B-S, da P2B-D, da P2B-B. Zubin kamantau ke nan, harafi ɗaya a ƙarshe yana sauya ma'ana. Da yake ban ga harafin ba, sai na nemi ma'anar a muhallinta. P2B-D mazaunin furosesa biyu gare shi, wannan ɗaya ne. P2B-B siffar AT gare shi, wannan ATX ne. P2B-S yana ɗauke da ƙarin mahaɗai na faifan SCSI, babu su a nan. P2B-F yana da PCI 5 da ISA 2 da guraben memori 4, lissafina kuwa 4 da 3 da 3 ne. Saura P2B zalla. Na buɗe ma'ajiyar The Retro Web, inda masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suka tara hotuna da littattafan dubban alluna, na jera hotonsu da na mai sayarwa, na bi matsayin batir da na BIOS da na ƴan hulunan nan da ake ɗorawa a kan allurai don saita gudun furosesa. Komai ya zauna a gurbinsa.

Duk da haka ban biya ba, domin sanin sunan allo bai gaya mini shekarunsa da lafiyarsa ba. Na rubuta wa mai shi cikin ladabi na roƙi hotuna huɗu a hasken rana ba tare da walƙiyar kyamara ba: na wurin sunan, na kewayen batir, na kewayen mazaunin furosesa a karkace, da na bayan allon gaba ɗaya. Tambaya irin wannan ta fi a ce masa yana aiki ko ba ya aiki, kamar yadda a fagen bincike ya fi kyau a ce wa mutum ya ba da labarin yadda ake haƙa rijiya da a tambaye shi ko yana amfani da kalma kaza. Ka nemi abin da zai iya nuna maka, hukuncin kuma ka bar wa kanka.

Hoton farko ya tabbatar da P2B ba tare da wani harafi a bayansa ba, ya kuma nuna lambar siga da ke biye da REV. Lambar nan tana da muhimmanci ga wanda ke son ɗora Pentium III na baya-bayan nan, domin sigogin farko ba sa iya sauke ƙarfin wuta zuwa yadda waɗancan ke bukata. Ni Pentium II ya ishe ni, sai dai na rubuta lambar na ajiye. A bayan allon na samu lambobi huɗu, 9841. Al'adar masana'antu ce su buga shekara da mako a jikin allo da ƙwayoyinsa, wasu su fara da shekara, wasu da mako. Lamba irin 0105 harshen damo gare ta, tana iya zama mako na 5 na 2001 ko mako na 1 na 2005. Amma babu mako na 98 a shekara, don haka 9841 mako na 41 ne na 1998, wanda ya dace da cifset ɗin da ya fito a farkon wannan shekara. Da na ga lambar da ta riga 1998, da na san akwai inda karatuna ya karkace.

Sauran hotunan na lafiya ne. Allunan zamanin 386 da 486 da yawa suna ɗauke da wani batir mai siffar ƴar ganga da aka lika a jikinsu, wanda in ya tsufa yake tsiyayar da ruwa mai cin tagulla, ya bar kore ko farin gari a kan siraran hanyoyin wuta, har ya yanke su. Wasu kuma an ɓoye batirinsu a cikin wani baƙin akwati mai sunan Dallas, in ya mutu sai an sauya akwatin ko an fafe shi. P2B yana amfani da batir mai faɗin kwabo, CR2032, wanda ake samu a shagon mai agogo. Abu na biyu shi ne kondansata, ƴan gwangwanayen nan masu tara wuta da ke tsaye kewaye da furosesa. Mai lafiya kansa a shafe yake. Wanda ya lalace yakan kumbura ko ya fitar da ƙura mai ruwan ƙasa, kuma wannan ciwo ya addabi allunan da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000. Ba a ganin kumburi daga sama, shi ya sa na roƙi hoto a karkace. Duk sun fito a shafe. Bayan allon babu tabon ƙuna, babu karce mai zurfi, babu alamar an taɓa sa masa dalma da hannu.

Akwai shaida guda da ban samu kira ba, ita ce kuwa ta fi kowace ƙarfi, kuma ya kamata duk mai saye ya neme ta in mai sayarwa yana iya kunna allon. Idan kwamfutar wancan zamani ta tashi, BIOS yakan rubuta wani dogon layi a ƙasan fuska. A allunan da ke amfani da BIOS na Award, layin yana ɗauke da lamba wadda ake yankawa kamar yadda muke yanka kalma zuwa saiwa da ɗafi. Haruffa biyar na farko suna nuna cifset: 2A59I na 430TX ne, 2A69K na 440BX. Biyu masu biyo su suna nuna maƙeri: G0 Gigabyte, A1 Abit, M4 MSI. Wanda ya ga 2A69KG0 ya san yana gaban allon Gigabyte mai 440BX, ko da an goge duk rubutun jikinsa. Hoton wannan fuska yana kashe tsuntsu biyu, ya faɗi asalin allo ya kuma nuna yana da rai. Ga allon da ba shi da suna ko kaɗan, akan nemi lambar FCC ID, ta hukumar sadarwar Amurka, wadda haruffanta uku na farko ke nuna kamfanin da ya yi rajistarsa. Mai allona ba shi da furosesa, saboda haka na san ko wane allo ne, na san ba shi da rauni a zahiri, amma ko zai tashi, wannan sai an gwada.

Na auna ragowar kasadar da farashi. Ya bar mini shi a kan yuro 45, kusan jika 30 a kuɗinmu, ƙasa da abin da ake nema a kan wanda aka gwada. Ga ɗalibi wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga kuma na furosesa da memori da katin hoto da na sayo daban. Abin da ya ba ni ƙarfin zuciya shi ne shaidu shida da ba su san juna ba, siffa da mazauni da gurabe da ƙwayar cifset da suna da kwanan ƙira, duk sun faɗi magana ɗaya. Wani ɗan'uwana mai karatu a Liyon ya karɓa ya zo mini da shi lokacin hutu, a naɗe cikin ledar kariya tsakanin riguna.

Allon ya tashi, kuma layin ƙasan fuska ya nuna i440BX da P2B. Na shigar da lambobin silinda da kawuna da sassa da ke rubuce a bayan faifan Malam, BIOS ya gane shi, na kwafe shi gaba ɗaya kafin in buɗe ko da fayil guda. Daga cikin disket 28, guda 21 sun karantu sarai, 4 sun ba da wani sashe, 3 kuma fumfuna ta riga ni. Kalmomin suna cikin tsarin manhajar Shoebox, kowane layi da alamarsa a farko, abin da ya sauƙaƙa mayar da su Unicode da zarar na ga wace alama ke wakiltar wane harafi. Yanzu muna kan bin su shafi-shafi tare da mai su, kuma babi na uku na kundina ya sauya fasali saboda abin da ya fito.

Abin da nake so ƴan'uwana ɗalibai da malamanmu su ɗauka a nan bai tsaya ga P2B ba, wani na iya bukatar allo daban saboda abin da ke hannunsa daban ne. A fara da rubuta bukata kafin a duba haja. A ɗauki taken mai sayarwa a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu, a karanta hoto daga abin da ba ya ɓoyuwa zuwa abin da sai an matsa, a roƙi hoton da ya rage, kada kuma a biya sai shaidu masu zaman kansu sun haɗu. Horon da ake bukata mun riga mun same shi a ajin tsarin sauti da na nazarin karin harshe, sunayen ƙarafan ne kawai baƙi.

Zafinmu da ƙurarmu da damshin damina ba sa raga wa disket, kowace shekara kuma wani yana mutuwa a cikin kwali ba wanda ya sani. Kwamfuta ɗaya irin wannan ta ishi sashe guda, kuma tawa tana nan a haɗe. Duk wanda ya san wani malami ko wani gida a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ko Dogondutsi da ke ajiye da irin waɗannan disket, kada ya bari a zubar, kada kuma ya yi ƙoƙarin gwada su a na'urar da ba a tsabtace kanta ba. Ya rubuta abin da ke jikin takardar kowanne, ya ajiye su a tsaye a inuwa nesa da maganaɗisu, ya kawo mu duba tare.